Darasi na 12: Yadda Waƙa Take Fita, Yadda Take Tashe, da Wanda Yake Ƙirga Ta

A azumin shekarar 2020 babu inda ake zuwa. Cutar korona ta sa an rufe makarantu, an hana taron biki da na suna, an tsare hanyoyin shiga jihohi. Da Ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen watan Mayu, ba a yi hawa a Katsina ba, ba a yi a Kano ba. Dawakai suna turke, makaɗa suna gida. A daidai wannan lokaci da babu mawaƙin da ya samu filin wasa, wata waƙar soyayya ta cika ƙasar Hausa, ta shiga ɗakunan matan aure, ta shiga shagunan tela da na aski, ta tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Sunanta "Jaruma". Mai ita kuwa Hamisu Breaker ne, matashi daga unguwar Ɗorayi a Kano.

A wannan darasi za mu bi sawun waƙa tun daga bakin mawaƙi har zuwa kunnen mai saurare, mu ga abin da yake sa wata ta yi tashe, sannan mu ga yadda wasu ƙasashe suke ƙirga wannan tashen da alƙaluma. A cikin ajin nan akwai waɗanda ba sa sauraren kiɗa, kuma wannan ra'ayi ne da ya kamata a girmama. Amma darasin ya shafe su, domin hanyar da waƙar soyayya take bi ita ce ƙasidar bege take bi, ita ce karatun malami yake bi idan an naɗe shi a waya.

Daga baki zuwa waya

Mawaƙin zamani yakan fara da baitoci da amshi, ya rubuta a takarda, ya riƙe karin a kansa. Daga nan sai sutudiyo. Yawancin sutudiyon da muke da su ɗaki ne ƙarami, an lulluɓe bangonsa da soso don kada ƙarar babura ta shiga. A ciki akwai fiyano, da kwamfuta, da makirifo a wani lungu da aka keɓe. Mawaƙi ya rera, makiɗi ya saurara, ya lalubo kiɗan da ya dace da karin. Idan kiɗa ya zauna sai a ɗora murya, baiti bayan baiti, inda aka yi tuntuɓe a sake. Idan waƙar ta namiji da mace ce, sai a kira mawaƙiya ta ɗora tata. Aiki na ƙarshe shi ne tacewa: a daidaita murya da kiɗa don kada ɗaya ya danne ɗaya. Abin da a da yake bukatar ayarin masu kalangu da 'yan amshi, yanzu mutum biyu ko uku suna gama shi a ɗaki guda.

Yadda ake sakin waƙar ma ya sauya. A zamanin kaset, waƙoƙin nanaye tare da fim suke zuwa. Akan fitar da kaset ɗin waƙoƙin kafin fim ya fito, don ya zama talla, kuma fim irin su "Sangaya" na 1999 waƙarsa ce ta ja masa kasuwa. Bayan haka mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka riƙa fitar da albam, wato tarin waƙoƙi a faifai ɗaya. Yau kuwa an fi sakin waƙa guda-guda, a yi mata bidiyo, a ɗora a YouTube, a yanko 'yar gutsure a watsa a Instagram da TikTok, a zauna a ga abin da jama'a za su yi da ita.

Abin da ya ɗaga "Jaruma"

Abin da jama'a suka yi da "Jaruma" ba a taɓa ganin irinsa a nan ba. Matan aure suka ci kwalliyar Sallah, maigida yana zaune a kujera, uwargida ko amarya tana taka rawa a gabansa tana bin waƙar, wani yana ɗauka da waya. Aka fara watsa hotunan, wannan ta gani ta ce ita ma sai ta yi, abin ya zama gasa. Kowane bidiyo da aka ɗora talla ce da mawaƙin bai biya ko kwabo ba. Ga mutane a kulle a gida, ga waya a hannu, ga lokaci.

Sai surutu ya tashi. Malamai da dattawa da dama suka ce wannan tonon asirin gida ne. Wasu suka ce ai mace mijinta take faranta wa. A ganina masu tsawatarwar suna da hujja mai ƙarfi a wuri ɗaya: abin da ya faru tsakanin miji da mata a ɗaki nasu ne, amma abin da aka ɗora a intanet ba ya dawowa, ko da mai shi ta yi nadama ta goge. Sai dai ta fuskar darasinmu, ku lura da wani abu. Cece-ku-cen bai kashe waƙar ba, ƙara mata wuta ya yi. Wanda bai taɓa jin ta ba ya ji ana faɗa a kanta, ya nemo ta don ya ji me aka ce.

To, mutum nawa ne suka saurari "Jaruma" a watan Yunin 2020? Ta fi kowace waƙa a Nijeriya a wannan wata, ko ta biyu ce, ko ta ashirin? Za a iya duba adadin kallon da aka yi mata a YouTube, amma wannan ɓangare ne kawai. Wayoyin da aka tura wa ta Bluetooth da Xender, da memorin da aka cika a shago, da lasifikar mai kurkura da take kaɗa ta daga Ƙofar Ƙaura zuwa Babbar Kasuwa a Katsina fasinja suna ji, duk babu littafin da ya rubuta su.

Jadawalin waƙoƙi

A Turai da Amurka akwai amsar irin wannan tambaya, kuma kowane mako ake fitar da ita. A shekarar 1952 wani mutum mai suna Percy Dickins, na jaridar New Musical Express a Landan, ya ɗauki tarho ya buga wa shagunan sayar da faifai kimanin ashirin, ya tambayi kowane mai shago faifan da ya fi sayarwa a makon. Ya haɗa amsoshin, ya jera su daga na ɗaya zuwa na goma sha biyu, aka buga a jaridar ranar 14 ga Nuwamba. Mafarin jadawalin waƙoƙi na Ingila ke nan. A Amurka mujallar Billboard ta fara nata jerin na waƙoƙi ɗari a 1958, kuma har yau ana yi.

Jadawali ba labari kawai yake bayarwa ba, shi ma yana tura waƙa gaba. Idan waƙa ta shiga cikin goman farko, gidajen rediyo sai su ƙara sa ta, masu shago su ƙara odar faifanta, gidan talabijin ya gayyaci mai ita. Wannan kuma ya ƙara ciniki, mako mai zuwa ta ƙara hawa. Kamfanin da ya buga faifan ya san nawa aka sayar, mawaƙi ya san nawa ne kasonsa, mai shirya wasa ya san nawa zai taya.

Da sayen faifai ya ja baya, sai aka gyara lissafin. Tun 2014 jadawalin Ingila yake haɗawa da sauraren da ake yi ta intanet. A ƙa'idar da suka sa daga baya, saurare ɗari na masu biyan kuɗin wata daidai yake da sayen waƙa sau ɗaya, na masu saurare kyauta kuwa sai an yi ɗari shida. A manhajar Spotify sai mutum ya ji waƙa na daƙiƙa talatin kafin a ƙirga. Tun 2015 kuma manyan kamfanonin duniya suka amince a riƙa sakin sababbin waƙoƙi ranar Juma'a, makon ƙidaya ya fara daga nan ya ƙare Alhamis.

Maroƙin Gini a gidajen rawa na Turai

Don a ga abin da jadawali yake yi wa mawaƙi, ga labarin wani ɗan yankinmu na Afirka ta Yamma. An haifi Mory Kanté a ƙasar Gini a 1950, a gidan da roƙo da kiɗa gado ne, kamar yadda muke da gidajen makaɗa a nan. Ya yi ƙuruciyarsa a Mali, ya shiga ƙungiyar Rail Band ta Bamako, inda Salif Keita ma ya yi waƙa. Ya ƙware a kora, abin kiɗan Mandinko da ake yi da babbar ƙwarya da tsirkiya ashirin da ɗaya. A 1984 ya koma Paris, kuma a wannan shekara ya naɗi wata waƙa mai suna "Yé ké yé ké". Ta samu karɓuwa daidai gwargwado, musamman a tsakanin 'yan Afirka.

A 1987 ya sake naɗar ta a albam ɗinsa "Akwaba Beach". Harshen bai sauya ba, korar ma tana nan. Abin da aka sauya shi ne sauri da nauyin kiɗan: aka ƙara ganga ta na'ura mai bugawa daidai-daidai, da ƙahonin Turawa, aka yi ta yadda za ta dace da gidajen rawa na Turai. Aka fitar da ita a faifai ita kaɗai. A 1988 ta kai lamba ɗaya a Holan da Beljiyam da Sifaniya, ta shiga biyar na farko a Faransa, ta zama waƙar Afirka ta farko da aka sayar da faifanta fiye da miliyan ɗaya. Samarin Turai suna ta rawa da ita ba tare da sun san ma'anar kalma ko ɗaya ba.

Masu kallon finafinan Indiya a cikinku sun taɓa jin kiɗan Mory Kanté ko da ba su san sunansa ba. Karin wata waƙarsa mai suna "Tama", daga wannan albam ɗin, shi aka ara aka yi fitacciyar waƙar fim ɗin "Hum" na Amitabh Bachchan a 1991.

Ku lura da abin da ya raba labarinsa da na mawaƙanmu. Ba murya ba ce, ba kuma hikima ba. Kowane faifan "Yé ké yé ké" da aka saya a shago, an rubuta shi. Kowane mako an san matsayinta a kowace ƙasa. Wannan rubutun ne ya buɗe masa filayen wasa a nahiyoyi har ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Konakiri ranar 22 ga Mayu, 2020, a kwanakin da "Jaruma" take kan ganiyarta a nan.

Me ya sa mu ba mu saba ƙirgawa ba?

Ba sakaci ba ne. Tsarin waƙar Hausa ne bai bukaci ƙidaya ba. Ku ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Ya yi faifan garmaho da kamfanin EMI, gidajen rediyo sun naɗi waƙoƙinsa masu yawa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Amma ba cinikin faifai ne ya riƙe Shata ba. Wanda aka yi wa waƙar shi yake biya: sarki ko attajiri ko direba ya ba da riga, ya ba da doki, ya ba da mota, a filin wasa kuma a yi kari. Idan wani ya kwafi kaset ɗin Shata ya sayar a tasha, sunan ubangidan ne ya ƙara nisa, kuma gobe wani zai so a yi masa tasa. Kwafi talla ne, ba asara ba.

Abin da muka samu mafi kusa da jadawali shi ne shirin Zaɓi Sonka na rediyo, musamman na Kaduna. Mai saurare ya sayi kati, ya rubuta gaisuwa da waƙar da yake so, ya aika. Mai gabatarwa ya san waƙar da aka fi nema, domin katunan suna gabansa. Sai dai ba a mayar da wannan sani ya zama jerin mako-mako da kowa zai duba ba.

Tsarin ubangida yana nan da ransa a waƙar siyasa. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja a jiharmu ta Katsina, ya yi suna da waƙoƙi irin su "Masu Gudu Su Gudu" a kakar zaɓen 2015, kuma irin wannan waƙa so ake ta yaɗu kyauta, domin yaɗuwar ita ce amfaninta. A 2020 ma ya gwada wata hanya: ya nemi magoya bayan Shugaba Muhammadu Buhari kowa ya tura naira dubu ɗaya kafin ya saki wata sabuwar waƙa. Ko mutum ya yarda da hakan ko bai yarda ba, dabarar ta nuna ya fahimci kasuwarsa. A nan kuɗin waƙa kafin a sake ta ake karɓa, domin idan ta fita ta zama ta kowa.

Wanda abin ya fi shafa shi ne mai waƙar soyayya. Shi ba shi da ubangida. Bai ambaci sunan kowa ba, balle a ba shi mota.

A shagon tura waƙa

Ku tsaya a gaban ɗaya daga cikin shagunan nan da ake cajin waya. Tebur ne, da kwamfutar cinya da ta sha aiki, da allon soket cike da wayoyi, kowace an manna mata lamba, janareto yana ruri a gefe. Yaro ya zo da memori a naɗe a takarda.

"Malam, Yaya ta ce a zuba mata sababbi."

"Na soyayya ko na biki?"

"Ta ce a haɗa. A sa mata da karatu."

Mai shago ya soka memorin, ya zaɓo jaka biyu ko uku, ya tura. Kafin yaro ya gama kallon hotunan da aka liƙa a bango, waƙoƙi sun fi ɗari sun shiga. Ya biya ɗan abin da aka saba, ya tafi. Wannan mai shago ya san waƙar da take tashe a unguwarsu fiye da kowane ɗan jarida, domin shi ake tambaya. Shi ne ya kai waƙa ga matar da ba ta da kuɗin data, kuma da wannan sana'a yake ciyar da iyali. Ba na ganin adalci ne a kira shi ɓarawo a wuce. Amma gaskiya ita ce daga cikin abin da yaron ya biya babu sisin da zai isa ga mawaƙi, ko makiɗi, ko mawaƙiyar da ta ɗora murya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka mawaƙin soyayya yake dogara da wasan biki, da wasan Sallah, da tafiye-tafiye zuwa Nijar da Gana da Kamaru, da abin da YouTube yake biya. YouTube kuwa daga kuɗin talla yake biya, sai tasha ta tara mabiya dubu ɗaya da awoyin kallo masu yawa kafin ta shiga tsarin, kuma tallar da ake nuna wa mai kallo a Nijeriya ba ta kai ta Amurka ko Ingila tsada ba. Makiɗi da 'yar amshi galibi sau ɗaya ake sallamar su ranar aiki, ko waƙar ta mutu a mako ko ta shekara biyar ana jin ta.

Abubuwa sun fara motsawa. A 2020 wasu matasa suka kafa TurnTable, mai fitar da jadawalin waƙoƙin Nijeriya mako-mako daga alƙaluman manhajojin saurare da na rediyo. Boomplay da Audiomack sun daɗe a wayoyin mutane, Spotify ya shigo Nijeriya a 2021. Mawaƙan Kudu sun ci moriyar wannan sosai: waƙar Rema mai suna "Calm Down" ta kai lamba uku a jadawalin Billboard na Amurka a 2023. Waƙoƙin Hausa kuwa ba kasafai ake ganin su a saman waɗannan jerin ba, ko da a makon da suka hana kowa sakat a Katsina da Kano da Sakkwato, kamar yadda "Warr" ta Ado Gwanja ta yi a 2022. Dalili ɗaya babba shi ne masu sauraronmu suna ji ta hanyoyin da na'urar ƙidaya ba ta gani. Illar ba ta tsaya a kan mawaƙi ba. Kamfanin da yake neman wanda zai yi masa talla alƙaluma yake dubawa, idan bai ga Arewa a ciki ba sai ya ɗauka babu kasuwa.

A kiyaye kuma, lamba ɗaya ba shaidar nagarta ba ce. Akwai masu sayen kallon bogi don adadi ya kumbura, akwai waƙar da take hawa don batsar da ke cikinta, akwai kuma waƙa mai ma'ana da ba ta taɓa shiga kowane jeri ba. Jadawali yawan masu ji yake aunawa, iyakarsa ke nan. Ta fuskar doka, a watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta haɗa da abin da ake yaɗawa ta intanet, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce take kula da ita. Duk wanda ɗansa ko ƙanensa yake waƙa ko kiɗa, ya ba shi shawara su riƙa rubuta yarjejeniya kafin a shiga sutudiyo: wa ya mallaki waƙar, a tashar wa za a ɗora ta, yaya za a raba abin da ya shigo.

Tambayoyi da aiki

1. Ta wace hanya Shata yake samun ladan waƙarsa, kuma me ya sa wannan hanya ba ta yi wa mai waƙar soyayya aiki?

2. Me aka sauya a waƙar Mory Kanté tsakanin 1984 da 1987, me kuma aka bari yadda yake?

3. Lissafi: a ce a mako guda masu biyan kuɗi sun saurari wata waƙa sau 5,000, masu saurare kyauta kuma sau 60,000. Bisa ƙa'idar Ingila da aka bayyana, daidai da saye nawa ke nan?

4. A ce mai shago yana tura wata waƙa ga mutum 40 a rana. Mutum nawa zai tura wa a kwana 30? Idan shaguna 25 ne suke yin haka, mutum nawa ke nan?

5. Aikin aji: kowa ya tambayi mutum goma a unguwarsu, maza da mata, waƙa ko ƙasidar da suka fi ji a wannan mako da kuma ta inda suka same ta. Ku kawo amsoshin, a rubuta a allo, a jera daga ta ɗaya zuwa ta goma. Bayan mako biyu ku sake tambayar mutanen, ku rubuta wadda ta hau, da wadda ta sauka, da wadda ta shigo sabuwa.